Shekarar Da Baba Ya Daina Karyawa

Shekaran jiya na bi ta bayan Yalwawa, warin tayar da ake ƙonawa a kan dutse ya daki hancina, sai da na tsaya. Kai da ba ka tashi a gidan mai fasa dutse ba, toshe hanci za ka yi ka wuce. Ni kuwa warin rigar Babanmu ke nan.

Da an gama girbi, sana'arsa ke nan har faɗuwar damina. A hura wuta a kan dutse sai ya tsage, sannan a hau shi da guduma. Gudumar nan ko jan ta ba na iyawa, amma shi yakan wuni yana ɗaga ta sama da kansa, kowane bugu da nishinsa, gumi na tsaga farar ƙurar da ke ƙirjinsa. Kafin ya fita sai ya ci ɗumamen tuwo ya kora da koko. In rana ta take, ya zaro dabino uku daga aljihu, ya tauna a hankali, ya zauna har numfashinsa ya daidaita. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi cinye su tun da safe.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "dabino kara ne, nan da nan ya kama, nan da nan ya mutu. Tuwo shi ne icce."

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Tun kafin sanyi ya wuce muka ga gindin rumbu. Baba ya fara turo mana ɗumamensa, wai shi yanzu abincin safe nauyi yake sa masa. Yara ne mu, muka yarda, muka cinye.

Wuyansa ne ya fara ramewa. Daga nan damatsan nan da nake lilo da su suka saki, fata na reto. In ya dawo, tsokar ƙafarsa takan ɗaure, Innarmu ta yi ta gasa masa da ruwan zafi.

"Malam, ka huta ko na kwana biyu ne."

"In na huta su ci me?"

Ta ci gaba da matse tsumma.

Wata Laraba abokan aikinsa suka kawo shi gida a amalanke. Sun ce ya ɗaga guduma, jiri ya kwashe shi, ya faɗi a kan duwatsun da ya fasa. Ƙugunsa bai sake daidaita ba. Ya yi 'yan shekaru a zaure yana kallon masu wucewa, ina sakandare Allah Ya karɓi abinsa.

Yau kimiyya nake koyarwa. Nakan gaya wa ɗalibai cewa abinci yana zama suga a cikin jini, jini ya kai wa tsoka, tsoka ta ƙona shi da iskar da muke shaƙa, shi ya sa mai gudu yake haki. In sugan ya ƙare, jiki ya koma kan kitse. In kitse ya ƙare, ya fara cin namansa. Wannan ta ƙarshen, allo nake fuskanta in faɗe ta.

Ƙanena bai yi nisa a boko ba, kan dutsen ya koma, ga 'ya'ya biyar, ga tsadar hatsi. Abin da nake iya aika masa ba ya kai su mako. Ranar Juma'a ya zo gaishe ni, na ga agogonsa na zamewa har bayan hannu. Na san abin da ke faruwa a jikin nan, na san abin da zai biyo baya, sanin kuma bai tsinana mana komai ba. Na zuba masa shinkafa da wake, na ce ya ci a gabana. Ya yi loma biyu, ya ɗago.

"Yaya, ko akwai leda?"

Na tashi na ɗauko masa.