Keken Yaya Umaru ba na dakon jarkoki ba ne

Bana shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Umaru a Geza. Na so in yi rubutun nan da sanyin zuciya, amma ɗansa Bashiru ya hana ni.

Duk wanda ya san hanyar Geza zuwa Bagudo a wancan lokacin ya san wana da kekensa. Kullum da safe a kansa yake tafiya wurin aiki, kuma bai taɓa yarda cewa keke ƙarfe ne kawai da taya biyu ba. Ya sa masa madubi dama da hagu, da fitila mai dainamo, da kwando a gaba na cefane. Ya ɗinka wa kariyar baya, wato wurin goyo, 'yar katifa saboda in ya ɗauko tsohuwa a hanya kada ƙashinta ya sha wuya. Mu ƙannensa mun sha yi masa tsiya cewa ya fi kashe wa keke ado a kan matarsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Mutanen garin Bahindi har kawo masa nasu suke yi ya shirya musu, kuma ba ya sakin keken kowa sai ya gwada birki da ƙararrawa da hannunsa.

Wannan keken ne na tarar a wurin mai walda a watan jiya, an yi masa tsirara. Bashiru, magidanci mai 'ya'ya uku, yana tsaye ana ƙara wa kariyar rodi don ta ɗauki jarkokin fetur ta ɓarauniyar hanya daga Illo zuwa ƙasar Benin. An cire madubai. An cire fitila da ƙararrawa, an watsar a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa.

Na ce, "Bashiru, mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Gwaggo, hanyag ga ba a son haske, ba a son ƙara. Kowa haka shika yi."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana so a gan shi, a ji tahowarsa, don kada ya buge ɗan kowa, yau kekensa ake shiryawa don ɓuya. Na san rayuwa ta yi tsada, ni ma kasuwar nan nake ci. Amma na ga abin da fetur ya yi wa wani saurayi a unguwarmu da jarka ta fashe masa a baya. Abin da ya fi ƙona mini rai, dattawan da suka yi sallah sahu ɗaya da Yaya su ne suke yaba wa Bashiru, wai yaro ya san neman na kansa.

Da Yaya na raye, ba zai yi dogon wa'azi ba. Zai kama kan kekensa ne ya tura shi gida. Abin da na yi ke nan, a gaban kowa, na kulle shi a ɗakina.

Yaya bai bar gona mai yawa ba, bai bar gidan siminti ba. Ya bar mana ɗa, ya kuma bar mini taurin kansa. Tun ranar Bashiru ya daina gaishe ni, matarsa ma ta ɗauke ƙafa. Na yarda. Ya yi ta wucewa ta ƙofata yana ɗaure fuska, muddin da ƙafafunsa yake wucewa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.