Idon da Ya Tsira a Kusurwar Mayafi

Wata Asabar ta watan Satumban 1999, wata huɗu da komawar sojoji bariki, kakata Inna Mairo ta baje mayafin ƙyallaye a tsakar gidanmu na unguwar Gobarau, ta ce saura ɗinkin baki. Kwana biyu suka rage in tafi makarantar kwana, kuma shi ne abin rufata. Wata uku ta yi tana harhaɗa shi da ragowar yadin da nake tsinto mata a rumfunan teloli bayan shara da wanke-wanke.

Hanya uku ta koya mini ta rufe bakin mayafi: kalmasa, wato a lanƙwaso shafin baya a ɗinke ta gaba; naɗe gefen da zare mai kauri; sai dajiya, inda ake yanko dogon ƙyalle dabam a lulluɓe gefen da shi. "Kalmasa ta mai gaggawa ce," in ji ta, "wankin makaranta sai dajiya." Sai dai babu yadi mai ƙwari a gidan face atamfar da aka raba lokacin zaɓe, mai ɗauke da fuskar ɗan takara. Mahaifina kuwa ba ya yarda da hoton mutum a tufa. Ya russuna gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki gafarce ni, in fuska ta fito, mayafin nan ba ya barin gidan nan."

 Inna ta miƙo mini almakashi, ta sa na yanka atamfar a karkace, faɗin yatsa uku-uku, har fuskar ta wargaje ta koma launi kawai. Muka ninka muka ɗinke, ita daga gabas, ni daga yamma. Da mahaifina ya zo dubawa, ya bi gefen da yatsa har ya tsaya a kusurwa: ido ɗaya ya tsira, yana kallonsa.  Inna ta ce, "Malam, mi ka gani? In ka san mai shi, faɗi sunanshi." Sai mahaifina ya naɗe mayafin da hannunsa ya sa a akwatina.

Yau barguna sun cika Babbar Kasuwa, bakinsu ɗinkin inji. Inna ta rasu ina jami'a, ɗan takarar ma an daina ambatonsa. Tsakiyar mayafin ta sha faci, amma gefensa bai taɓa warwarewa ba. Idon ya kusa dushewa, sai dai har yanzu ta wannan kusurwa nake fara ninke shi.