Ruwan Randar Inna da Kifayen Malama

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ranar da tsaftata ta kusa hallaka kifayen maƙwabciyata tana nan daram a raina, kuma ban ga ranar da za ta goge ba.

Lokacin muna haya a Samaru, ni da maigidana da yara da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Katanga ce ta raba mu da wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna. Mijinta ya rasu ya bar mata akwatin gilashi mai jajayen kifayen ado guda bakwai, waɗanda ya raina da hannunsa. In ta dawo daga coci sai ta zauna gabansu tana ba su labari, ni kuwa ina mata tsiya, ina cewa kifin da ba zai shiga miya ba ina amfaninsa.

Da bikin ƙanwarta ya taso a garinsu, ta kawo mini akwatin ajiyar mako guda. "Maman yara, abinci kawai za ki riƙa barbaɗa musu da safe," in ji ta. "Su ke nan abin da mijina ya bar mini."

Kwana uku da tafiyarta famfo ya kawo ruwa. Wanda ya zauna Zariya ya san yadda ake yi a irin wannan rana: a zubar da tsohon ruwa, a wanke duro da bokitai, a tara sabo. Ni kuwa wajen tsafta ba ni da birki. Na zubar da komai, saura randar Inna. Na ce, "Inna, ku bari in zubar da wannan ruwan ƙazantar." Ta ce, "Kul kika taɓa mini randa. Kwanansa uku, yanzu ma ya yi daɗi." Na yi ƙwafa a zuci na wuce.

Nan idona ya faɗa kan akwatin Malama, na ga gansakuka ta fara kama gilashin. Na kwashe kifayen a roba, na dirje akwatin da sabulu, na cika shi daga bakin famfo, har da jefa ɗan alam yadda muke yi don ruwa ya washe. Ya yi garau, na mayar da su ina jin kaina gwana. Kafin azahar duk sun taso sama suna buɗe baki. Ɗaya ya kife ciki sama, kafin in zura hijabi, na biyu ya bi shi. Na kira wayar Malama, ba ta shiga.

Na tuna a kasuwar Sabon Gari take sayo abincinsu, sai na faɗa bas. Mai shagon Ibo ne haifaffen unguwar, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Da na zayyana masa aikina, ya dafe kai.

"Haba Hajiya! Ruwan famfo akwai kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu ba ya yi mana komai, amma kifi ƙona shi yake. Sai an tara a buɗe ya kwana biyu, maganin ya fice. Sabulu da alam kuwa, abeg, don Allah kada ki sake. Maganin gyaran ruwan da nake sayarwa ya ƙare. Akwai kwanannen ruwa a gidanki?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai randa ta faɗo mini a rai.

Ina isa gida na durƙusa gaban Inna na yi bayani. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ruwan ƙazantar?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauki moɗa da kanta ta cika mini roba. Na tsamo biyar ɗin da suka rage na saka. Muka zauna muka zuba musu ido, ina ta salati. Can bayan la'asar suka sauka ƙasa suka fara kaɗa jela. Akwatin kuwa na ɗauraye shi ya fi a ƙirga, na tara ruwa a bokiti ya kwana biyu kafin in mayar da su.

Ranar da Malama ta dawo, ban bari ta zauna ba na faɗa mata gaskiya. Ta ƙirga kifayen, ta share ido da bakin zane. Sai ta ce, "Shekarar da mijina ya fara kiwo, da irin wannan wankin ya kashe nasa kaf. Ke kin fi shi, kin bar mini biyar." Muka kama dariya muna kuka.

Tun daga ranar na koyi cewa in an ba ni amana, in tsaya inda aka ce, in kuma tambaya kafin in gyara abin da ban sani ba. Yau akwai akwatin kifi a falona, Malama ce ta ba ni 'ya'yan waɗancan biyar ɗin. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. A randarta nake kwantar musu da ruwa, kuma duk wanda ya nufe ta ranar famfo, ni ce mai cewa kul.