Taswirar Fagge a ƙunshin tsire

Jiya a Sabon Gari mai tsire ya miƙo min ƙunshina, sai na ga zane a takardar. Na kakkaɓe yajin, ashe tsohuwar taswirar Fagge ce, har da kududdufan da yanzu suka zama shaguna.

Na ce, "Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Buhu guda ne daga wani rusasshen gida. Alhaji, sun fi jarida shan mai!"

Na ruga gida na kwaso masa jaridu, muka yi musaya. Yau buhun nan yana ma'adanar tarihi, alhamdulillahi.

Wallahi saura ƙiris mu cinye tarihin Kano da albasa. Ku me kuka taɓa tsinta a ƙunshin tsire?