Gwajin Jinin Yayana

Babanmu ya rasu da damina, ciki a kumbure, idanu sun yi rawaya. Likitan da ya duba shi a Dogon Dutsi ya ce kansar hanta ce, kuma ƙwayar da ta jawo ta takan bi ƴan gida ɗaya. A lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini. Bayan sadakar arba'in na ɗebi jinin ƴan'uwana shida. Na yayana kawai ya nuna ƙwayar.

Yayan nan mahauci ne a Kore Mairuwa, ƙato, mai saurin hannu. Na same shi a bayan gida yana gyaran galma. Na yi masa bayani a hankali: abin da muke nema a jini wani ɓarɓashi ne na fatar ƙwayar, muna ce masa antijen, da shi jiki ke gane baƙo ya yaƙe shi. Ganinsa a jini ba ciwon kansa ba ne, amma dole a riƙa duba hantarsa. Na ƙara da cewa a gwada matarsa, jaririn da take ɗauke da shi kuma a yi masa allura ranar haihuwa.

Ya tambaye ni wa na faɗa wa. Na ce matarsa ta riga ta sani.

Ban ga tahowar ƙotar galmar ba. A baki ta same ni, na ji haƙora biyu a kan harshena. Na faɗi, ya take mini wuya, ya ci gaba da jibga. Yana duka yana cewa na kashe shi da rai, wa zai ƙara sayen nama a hannun mai cuta a jini. Na tare da hannu, ƙashin ya karye. Innarmu ce ta kwanta a kaina, duka ɗaya ya same ta a kafaɗa, sannan ya jefar da ƙotar.

Jandarmomi sun zo asibiti binciken abin da ya faru, na ce daga babur na faɗi. Laifina na sani: na faɗa wa matarsa kafin shi.

Wata uku ba mu yi magana ba. Da matar ta haihu, ita da kanta ta sa aka yi wa yaron allurar. Ta faɗa wa yayana abin da ta ji a bakina, cewa ɓarɓashin kawai ake nuna wa jikin jariri, babu ƙwayar, don ya koyi faɗa da ita. Ita bai ɗaga mata hannu ba.

Da rani ya zo wurin aikina, ya zauna a benci har layi ya ƙare. Ya naɗe hannun riga.

"Ka ɗiba," ya ce. "In hantar ta kai inda ta Baba ta kai, ni za ka fara gaya wa."

Na ɗaura masa roba a dantse. Sai a karo na biyu na samu jijiyar. Har yau yana zuwa duk wata shida, hantar ba ta nuna komai ba tukuna.