Sunan Zoɓon da Yaya Ya Sayar

A shekarun da na zauna da yayana a Alƙahira, tsintar kalmomi ce sana'ata ta ɓoye. Ina da ɗan littafi mai shuɗin bango da ba ya barin jakata. In kalma ta yi mini daɗi a cikin jirgin ƙasa na metro, ko na gan ta a allon wani shago a Wustul Balad, tsakiyar birnin, sai in rubuta. Don waƙa nake tara su. Yaya ne ya nuna mini ana sayar da su.

Shi karatun fiƙihu ya kawo shi, amma tallafin karatu ba ya kai mu ƙarshen wata, sai ya shiga cinikin sunayen shafukan intanet. Abin ba shi da wuyar bayani. Ka biya 'yan daloli ka yi rajistar suna, irin adireshin da ake rubutawa in za a buɗe shafi, ya zama naka shekara guda. In wani ya so shi, ya saya a hannunka. In ba wanda ya zo, ko ka sabunta rajista ko ka bar shi. Wuyar ɗaya ce, suna ba shi da farashi a rubuce. Ba tumatir ba ne da za ka leƙa teburin maƙwabci ka ji yadda ake sayarwa.

Saboda haka su biyar masu wannan cinikin suke taruwa a falonmu na unguwar Ard al-Liwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma ina kawo shayi ina jin hirar. Babbansu dattijo ne da muke kira Kawu, Bahaushen Sudan, tela, wanda kakanninsa suka tsaya a hanyar hajji ba su koma gida ba. Shi ya kafa musu doka: duk wanda ya sayar da suna zai faɗi nawa aka fara tayawa da nawa aka sallama, don sauran su san inda za su tsaya.

Dokar tana da kyau, sai dai mu ba haka aka raine mu ba. Innarmu ko kaza ta sayar, in ka tambaye ta nawa, amsarta ɗaya ce, “An gode Allah.” Tsoron kambun baka ne, da kuma kunya.

A cikin littafina akwai wani suna da na haɗa da karkade, wato zoɓo a bakin Misirawa, da wata kalma ta safiya. Na so shi sosai. In na faɗe shi a hankali sai in ga jan ruwa a kofin gilashi, hasken rana yana ratsa shi. Yaya ya yi masa rajista, ya yi wata da watanni yana faɗa wa abokansa wannan sai dubbai. Da mai saye ya zo, wani mai sayar da ganyen shayi daga ƙetare, ni na rubuta wasiƙun saboda Turancina ya fi nasa. An sallama a dala ɗari da hamsin.

Ranar Juma'a Kawu, wanda yake kiran kowa “ya zol”, wato mutumina a Larabcin Sudan, ya ce, “To, ya zol, nawa?”

Yaya ya yi murmushi ya ce, “An dai gode Allah.”

A ranar kuwa sabon takalmi ne a ƙafarsa, wanda Inna ta aiko masa da shi daga Kano. Idon kowa ya sauka a kan takalmin.

Wani ya ce, “Dubu biyu?”

Yaya ya kurɓi shayi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Suka yi ta masa barka, Kawu kuma bai matsa ba, ya ɗauka tsoron baki ne. Na kwashe kofuna na tafi kicin.

Bayan mako biyu, ranar Laraba da la'asar, Kawu ya hawo benenmu yana haki. Yana da wani suna na turaren wuta da ya riƙe shekara uku ba wanda ya taya. Yanzu wata mata ta rubuto ta ce za ta ba da dala ɗari huɗu, kuma tana son amsa kafin ƙarshen mako, in ba haka ba za ta nemi wani sunan. Kowa ya san kekensa na ɗinki ya mutu tun bara, na haya yake amfani da shi a wani shago a unguwar Dokki, rabin abin da ya samu yana tafiya wurin mai keken. Kuɗin nan zai saya masa nasa.

Ya zauna kusa da ni ya ce, “'Yata, rubuta mata. Ki ce dubu biyu, in ba ta iya ba, khalas, shi ke nan. Zoɓo ma ya kai haka, balle turare?”

Na ɗora yatsuna a kan kwamfuta, amma ban rubuta ba. Yaya yana tsaye a bakin taga yana kallon tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, suna kutsawa a lungu, kamar bai taɓa ganinsu ba.

Na ce, “Kawu, bari in ɗora maka shayi tukuna.”

Yaya ya biyo ni kicin ya ja ƙofa.

“Auta, ki rubuta wa matar dubu ɗaya mana. Ki ce wa Kawu hakan ya fi ladabi.”

“Matar za ta gudu, Yaya.”

“Ni fa ban yi ƙarya ba.”

“Na sani. Shayi kawai ka sha.”

Ya dube ni, ya dubi butar. Ban taɓa yi masa magana haka ba, sai na ji kunya na sunkuyar da kai ina neman sukari a inda na san babu shi. Ya daɗe a tsaye. Da ruwan ya tafasa, ya ɗauki tiren da kansa ya fita.

Ya ajiye shayin, ya buɗe wasiƙar cinikin zoɓo, ya juya wa Kawu fuskar kwamfutar. Kawu ya gyara tabarau. Ya karanta da yatsa, sannu a hankali, har ya kai kan lambar. Ya sake karantawa.

“Ɗari da hamsin?”

“Ɗari da hamsin, Kawu.”

“To takalmin fa?”

“Inna ce ta aiko.”

Kawu ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido da gefen rawaninsa. Ya ce, “Ma'alish, ba komai, ya zol. Mako biyu ina kallon ƙafarka ina yi wa turarena farashi.”

Yaya ya ce a yafe masa. Kawu ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: ranar Juma'a ya maimaita a gaban kowa, kuma ya zo da takalmin a matsayin shaida.

Muka rubuta wa matar. Kawu ya ce in nemi ƙarin hamsin, don kada ta ga kamar a matse yake. Ta ƙi ƙarin, ta tsaya a kan maganarta, shi kuma ya ce, “Tamam, sallama mata.”

Juma'ar nan Yaya ya faɗi lambar da bakinsa. An yi masa tsiya sosai. Amma da dariyar ta lafa, wani ya yi gyaran murya ya ce shi ma wanda ya sayar bara bai kai abin da ya bari suka ɗauka ba. Daga ranar aka daina faɗa da baki, wasiƙar ake buɗewa kowa ya gani. Kawu ya ƙara wata doka, wanda ya sayar mafi araha shi ake fara zuba wa shayi. Yaya ya sha kofin farko sau da yawa.

Keken ya iso a bayan tuk-tuk, tsoho ne amma yana da lafiya. Abu na farko da Kawu ya ɗinka a kai shi ne 'yar jaka ta jan yadi, daidai girman littafina. Da ya miƙo mini ya ce in yi haƙuri, bakin ya ɗan karkace, bai gama sabawa da keken ba.