Barau Mai Faci da Yaron Ajingi

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a bakin tashar Gaya ya san Barau mai faci. Mutum ne marar son surutu, sai fa in hirar ƙwallo ce. Ni Da'u maƙwabcinsa ne tun muna samari, na kuma ga zamanin da yake tsare wa kulob ɗin unguwarmu raga. Gola ne na gaske. Har gobe in ka ja shi da hira sai ya ba ka labarin wasanmu da 'yan Kademi, ya rantse alƙalin wasa ne ya cuce mu.

Ƙanensa Usaini kuwa ko gwangwani bai iya shura ba. Ya koma Ajingi yana awon hatsi da gyaɗa, ya yi aure, shekaru suka ja Allah bai ba shi haihuwa ba. Da Hure matar Barau ta yaye ɗansu na fari, Suhaib, sai tsohuwar su Barau ta ce a kai wa Usaini ya riƙe. Barau ya bari aka kai shi. A wajenmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, balle ya tsaya ja-in-ja a kansa. "Yaron Ajingi" yake ce masa. Usaini ya sa shi a makaranta da sunansa, shi ke nan ya zama Suhaib Usaini.

Sai yaro ya taso da ƙwallo a ƙafa. Daga wasan makarantu aka ɗauke shi zuwa Kano, muna nan sai labari ya zo cewa yana cikin tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, za su gasar ƙasashen Afirka. Mutanen Gaya, da suka san komai sarai, Ajingi suka nufa yin barka. Abin haushin ma, a wajen Barau suke tsayawa ƙara iska a babur.

"Malam Barau, yi sauri, za mu je taya ƙanenka murna!"

Ya dinga ɗura wa tayoyin nan iska kamar zai fasa su. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ba kuɗin yaron yake so ba. So yake ko mutum ɗaya ya dube shi ya ce ɗanka ya yi abin kirki.

"Kai Da'u," ya ce da ni wata safiya, "ka ji Usaini a rediyo? Wai shi ya koya masa bugun tazara. Usaini fa! Mutumin da har yau bai san satar gida ba."

Na ce, "To ka fito ka ce naka ne mana."

Ya harare ni. "A ina ka taɓa jin an yi haka?"

Ranar wasan farko Usaini ya kafa talabijin da janareta a ƙofar gidansa, ya gayyaci kowa. Barau ya ce aiki ya yi masa yawa, ba inda za shi. Ana idar da azahar sai ga shi da babbar riga, wai in kai shi. Muka samu benci a can baya. Usaini yana gaba a kujerar roba, baki har kunne, ana ta miƙa masa hannu.

Bayan hutun rabin lokaci aka sako Suhaib. Aka hasko bayan rigarsa, ga USAINI ɓaro-ɓaro, wuri ya kaure da ihu. Barau ya cika ya yi fam. Can yaron ya yanke mutum biyu, ya kwaso ƙwallon da hagu, wani ya sa kai, sai a raga. Samari suka ɗaga Usaini da kujerarsa. Barau ya matso kusa da kunnena, ya ce, "Ka ga hagun nan? Ni ma bahago ne." Ban da ni ba wanda ya ji.

An tashi wasa da ɗan jimawa wayar Usaini ta yi ƙara. Yaron ne. Usaini dai ba mugu ba ne, haushinsa kawai nake ji saboda abokina. Ya yi 'yar magana, ya keto mutane har inda muke, ya rusuna.

"Yaya, ga shi, ku gaisa."

Barau ya goge hannu a riga ya karɓa. Ga wayar a buɗe, kowa yana ji. Na san akwai magana fal a bakinsa, amma abin da ya fito shi ne, "To, sannu da ƙoƙari."

"Baffa, ina wuni? Na gode ƙwarai," in ji Suhaib cikin ladabi. "Don Allah miƙa wa Baba, ban gama ba shi labari ba, ana kiranmu mota."

Barau ya miƙa wa ƙanensa wayar da hannu biyu, ya ce da ni mu kama hanya kada magariba ta riske mu.